Gammon da Na Ɗinka Masa

Bazara ce, a shekarar da fari ya ƙone gero a tsaye. Mutane yunwar suke tunawa. Ni kuwa abin da nake tunawa shi ne maigidana ya kasa zama.

Fataucin awaki yake yi tsakanin Maigatari da Gumel. Mutum ne mai son hira, in ya dawo zaurenmu cika yake, ina cikin gida ina jiyo dariyarsa. Da ciwon ya fara, kowa ya ce basir ne. Na dafa sassaƙe iri-iri, ya sha, jini bai tsaya ba. Sai ƙanensa ya kai shi asibiti a Kano.

Likita ya ce ciwon daji ne a dubura, irin wanda ba kasafai ake gani ba. Ya yi masa tambayoyi a kan kwanciya, da wa da wa, wai ana zaton wani lokaci akwai alaƙa, amma ba a tabbatar ba. Ƙanen yana tsaye yana ji. Wannan "ba a tabbatar ba" a hanya ta faɗi, sauran maganar kuwa ta zaga gari. Zaure ya yi wayam.

Yayarsa ta ja ni gefe. "Ke kin tambaye shi kuwa?"

Na ce, "Yaya, kunu zan dama masa."

Kullum a kwance yake ta gefe guda, fuska ga bango. Sai na tattara tsofaffin zannuwana, na naɗa gammo irin na ɗaukar tulu, amma babba, na ɗinke. Ya lallaɓa ya zauna a kai, ya yi ajiyar zuciya.

"Yanzu ni ne tulun ke nan?"

"Tulun ma mai surutu, Malam."

Ya yi dariya, sannan ya sunkuyar da kai. "Ba za ki tambaye ni ba?"

"In kana son faɗa, ina nan. Ni dai muryarka nake so in jiyo daga zaure."

"Wa zai zo?"

Bai faɗa ba, har Allah ya karɓe shi da kaka. Yanzu ma ba amsar nake nema ba, waccan dariyar ce.

Washegarin ranar da muka yi wannan hirar, da safe na share zauren, na shimfiɗa babbar tabarma ta baƙi, na ajiye gammon a inda ya saba zama, na buɗe ƙofa.