Ɗan Farin Goggo 'Yardada

Duk wanda ya taɓa sayen man shanu a Ƙofar Wambai ya san Goggo 'Yardada, yayar mahaifina. Shekara arba'in da ɗoriya tana zaune da ƙwaryarta a wuri ɗaya, ba ta son dogon ciniki, ba ta dariya sai da dalili. A gidanmu na Soron Ɗinki ta tsufa. Mu dai a saninmu Allah bai ba ta haihuwa ba. Mu ta raina kamar 'ya'yanta, ni kuwa na fi kowa shan jan kunne a hannunta saboda bakina.

Bara waccan, da damina ta zauna, ƙanena Saminu ya samo bas ya ce zai kai iyali yawon buɗe ido: a fara da dam ɗin Tiga, daga nan a wuce wajen Riruwai a ga ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Goggon da ko biki sai an ja ta, sai ga ta ta riga kowa shiga mota, da sabon zane.

Na ce, "Goggo, ke da ciwon gwiwa, ina za ki?"

Ta ce, "Bakinki dai, Turai."

A Tiga kowa ya kama gabansa, masu ɗaukar hoto na yi, masu buɗe kular dambu na yi. Goggo ta cire takalmi ta gangara bakin ruwa. Ta tsura wa wani dutse ido can tsallake, tana miƙa hannu kamar mai neman alƙibla. Har aka gama aka koma mota tana nan. Saminu ya yi ta danna hon, ni kuma na sauko da faɗana.

"Haba Goggo! Ruwa ne fa, ba gudu zai yi ba. Rana na yi."

Ba ta juyo ba. Ta ce, "Kafin a tare ruwan nan, tsakanin dutsen can da nan akwai tsamiya. Nan rugarmu take. Akwai wani yaro kwance a gindinta. Wata bakwai ya yi a duniya."

"Yaron wa?"

Ta ci gaba da kallon ruwan. Wallahi nan take kunyar faɗan da na yi ta kama ni. A wurinmu Fulani uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma nuna nata ne. Goggo ta riƙe wannan kunya shekara hamsin bayan an binne shi. Mijinta ya rasu, Babanmu ya rasu, duk wanda ya ci naman sunan yaron ya riga mu gidan gaskiya. In ta tafi da sunan, shi ke nan, kamar ba a taɓa haifarsa ba.

Na ce, "Goggo, faɗa mini sunansa, mu riƙa sa shi a addu'a."

Sai ta yi wa ruwan sallamar da ake yi a maƙabarta, ta ɗauki takalmanta.

Da la'asar muka isa wajen ruwan dutsen. Ƙararsa ta cika dajin, ko na kusa da kai ba ka ji sai ya yi ihu. Goggo ta kama hannuna, muka lallaba kan duwatsu masu santsi har feshin ya fara jiƙa mana mayafi. Ta waiwaya, ta tabbata ba mai jin mu. Ta jawo kunnena, wannan dai da ta saba murɗewa, ta faɗi sunan sau ɗaya tak. Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Na yi kuka, ita ko ɗigo.

Cikin azumin da ya wuce Allah ya karɓi abarsa. Ranar sadakar uku na aika Saminu zaure, na ce ya roƙi liman ya haɗa da wani suna a addu'ar. Da muryar liman ta shigo cikin gida, mata suka dubi juna.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Wane ne kuma Isyaku?"

Na ce, "Ɗanta ne."