Jirgin Kawu Illa

Ran wata Laraba a daminar 1981, muna fitowa daga lakkwal, wato makarantar boko, muka tarar da kamyo, babbar motar kaya, tsaye a bakin tabkin garinmu, maza takwas suna sauko da wani dogon abu na katako. Garinmu yana cikin duwatsun Adar, tsakanin Keita da Bouza, kuma yawancinmu ba mu taɓa ganin jirgin ruwa ba sai a littafin mushe, malaminmu na lakkwal. Mai jirgin shi ne Kawu Illa, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi shekara bakwai a Abijan yana aiki da masunta a bakin teku. Tsofaffi suka kewaye abin suna ƙwanƙwasa shi da sanda. Wani ya ce, "Illa, kowa na zuwa bida ya komo da rediyo, kai ka komo muna da wanga?" Kawu ya yi dariya kawai.

Tabkin nan in ya cika yakan raba mu da kasuwa, sai an kewaya ta bayan dutse, tafiyar rabin yini. Kawu ya ɗinka buhunna ya ɗaura su a jikin doguwar sanda, iska ta riƙa tura jirgin, mata da ƙwaryar nono da kaji suna zaune a ciki suna salati. Ni ne ɗan gaban goshinsa. Ina da shekara goma sha ɗaya, aikina kwashe ruwa da gwangwani, da riƙe masa tukunyar kwalta in yana cusa tsumma a tsakanin katakai. Da hantsi mu duba komar kamun kifi, mu kawo wa Inna tarwaɗa. Ai ni a lokacin ko ɗan sarki ban ɗauka ya fi ni ba.

Da rani ya shigo tabki ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage. Muka ja jirgin zuwa gindin wani gawo, Kawu ya lulluɓe shi da tsofaffin tabarmi. Zai koma bida, wato cin rani, sai faɗuwar ruwa. Ya kama kafaɗata ya ce, "Mamman, katakon jirgi in ya bushe ya mutu. Tulu guda da sahe, tulu guda da marece, ka jiƙa tabarmin ga duka. Ka jiya?" Na ce na ji.

Wata guda ban yi fashi ba. Amma mu mutanen Adar, abin da muka sani shi ne a tsare kaya daga ruwa: hatsi, rumbu, fata, igiya, komai so ake ya bushe. Ga rijiyarmu mai zurfi, mata suna jan wasaki har hannu ya yi kanta, sannan a ga yaro ya ɗauki tulu cike ya je ya tuttule wa katako! 'Yan mata a bakin rijiya suka fara tambayata ko jirgin ya kusa yin tsiro. A filin lakkwal aka sa mini suna Mai-shayar-da-icce, in mun fito wasan langa sai a riƙa rera shi ana tafi. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na koma tulu guda, na koma bayan kwana uku, daga nan na daina bi ta gindin gawon gaba ɗaya. Ba ƙishirwa ta hana ni ba, ba kuma wanda ya ce in bari. Dariyar yara ce kawai na kasa ɗauka.

Ranar da aka ce Kawu ya sauka Bouza, gobe yana tafe, na ari jakin maƙwabta na yi sawu huɗu a rijiya. Na ɗaga tabarma na duba. Katakan sun kantare, kwaltar ta ɓanɓare, ruwan da nake zubawa yana bi ta ƙasa yana tafiyarsa. Duk da haka na jiƙa komai sharkaf na mayar da tabarmi.

Kawu bai ko sha furar da aka dama masa ba ya nufi gawon, ina biye. Ya yaye tabarmar, ya shafa katakon mai danshi, ya sa yatsansa a wata tsaga har ya fita ta ɗaya gefen. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Yana shan ruwa kullum?"

Na ce, "Kullum, Kawu."

Ya ce, "To, madalla."

Sati biyu yana cusa tsumma yana shafa kwalta, ni ina riƙe da tukunya kamar dā, na kasa haɗa ido da shi. Da tabki ya cika ya ce shi kaɗai zai fara gwadawa. Gari ya taru. Bai yi nisa ba ruwa ya kai masa gwiwa, ya diro ya jawo jirgin da igiya, jama'a suna ta shewa. Tsohon nan mai sanda ya ce ai sun faɗa tun farko. Kawu yana tsaye ruwa na ɗiga daga wandonsa, ya ce, "Laihina ne. Katakon kurmi ba ya jure zahin Adar." Ina nan kusa da shi, na bar shi ya ɗauki laifin. Bayan girbi ya koma Abijan, can ya zauna, can Allah ya karɓi ransa.

Yanzu an yi madatsun ruwa a kwarin namu, ruwa yakan kai tsakiyar rani, masunta suna da jirage ba mai yi musu dariya. Na Kawu kuwa, Inna ta sa aka farfasa shi aka yi mana ƙyauren zaure, yana nan har yau. Rana tana shigowa ta tsagoginsa. Duk sanda na je gida sai na sa yatsana a ciki, in tuna ya tambaye ni sau ɗaya tak, ya ba ni damar faɗin gaskiya, ban faɗa ba.