Baƙin Takalmi a Dilimi

Na gama sakandare na zauna ba aiki, har gemu ya fara tsiro mini ina jiran tuwon gida. Ƙanin mahaifiyata ne ya gaji da ganina a bakin titi, ya ce in zo in zauna kusa da shi. Kawu mai gyaran takalmi ne a Dilimi, cikin Jos. 'Yar rumfarsa tana tsakanin wani mai walda da wata dattijuwa 'yar ƙauyukan bayan gari, wadda ke kasa dankalin turawa da kabeji. Mama muke ce mata. Kawu ya riƙe ɗinki da sa dunduniya, gogewa kuma ya bar mini.

Gugar takalmi iri biyu ce. Akwai ta mai sauri: a kaɗe ƙasa, a shafa mai, a bi da buroshi, mutum ya zura ƙafa ya tafi. Akwai kuma wadda Kawu ya koya mini da ranƙwashi. Sai ka naɗe yatsanka da tsumman tsohuwar singileti, ka dangwali man kaɗan, ka ɗiga ruwa a kan fatar, ka yi ta zagayawa a hankali har man ya kwanta. Ka bari ya sha iska, ka sake. Idan ka cika mai, ya dushe. Idan ka danna da ƙarfi, ka kwashe abin da ka shafa. A sanyin Jos man daskarewa yake yi kamar sabulu, don haka Kawu kan ƙyasta ashana a cikin gwangwanin, ya bari saman ya narke, ya kife murfi. Ba na mantawa da ranar da na fara ganin inuwar haƙorana a kan hancin takalmi. Kawu ya karɓa, ya juya shi, ya ce, "To, ba laifi." Iyakar yabonsa ke nan.

Wata Juma'a da safe wani Ibo mai sayar da kayan gyaran mota ya kawo baƙin takalmi sau-ciki. A Anguwan Rukuba yake zaune, amma shagonsa yana ƙasan layinmu. Washegari zai aurar da 'yarsa a coci.

"Aboki," ya ce mini, "ka sa shi ya yi wuta. Ina so mutane su duba ƙafa na kafin su duba amarya."

"An gama, Oga."

Na ba takalman nan safiyata duka. Da na idar, har mai walda sai da ya ɗaga gilashinsa ya leƙo. Bayan an sauko daga masallaci Kawu ya ce in kai wa Oga shago. Na ɗauko leda, ya buge mini hannu, ya ce leda tana cinye ƙyalli. Sai na zura yatsu biyu a dunduniyoyin, na riƙe su nesa da jikina, na kama hanya. Ƙafata silifa ce ta roba, wandona duk tabon mai.

Hanyar ta bi ta gaban wani masallaci, mutane ba su gama watsewa ba. Na hangi wani mutum cikin farar shadda tsaye ba takalmi, yana ta faɗa yana waige-waige. Ban kawo komai a raina ba. Idonsa ya sauka kan hannuna, sannan kan silifata.

"Kai! Tsaya nan! Ina ka samo waɗannan?"

"Na wani Oga ne, Alhaji. Gogewa aka..."

"Ɓarawo!"

Ban ga wanda ya fara duka ba. Ta baya aka zabga mini mari a kunne, duniya ta yi ɗif. Na yi kuskuren da ba a yi, na zabura zan gudu. Wani ya sa mini ƙafa, na kife a bakin kwata, haɓata ta daki siminti. Daga nan ƙafafu kawai nake gani. Ana shuri a haƙarƙari, ana shuri a ciki. Wani ya zo da katako mai ƙusa, na ji rigata ta tsage tare da fatar bayana. Ina cewa, "Ku tambayi Kawuna, ku tambayi Kawuna," amma jini ya cika mini baki, ko ni ba na jin abin da nake faɗa. Abin mamaki, ban saki takalmin da ke hannun dama ba. Na ƙanƙame shi a ƙirji. Wani mai kaurin ƙafa ya taka hannun, ya murza, na ji yatsuna sun yi ƙaras kamar an taka karan dawa.

Akwai fuskar da na gane a cikinsu, wani ɗan kamasho da nake goge wa takalmi kusan kowane mako. Na kira shi. Ya dube ni, ya ɗaga dutse.

Sai na ji ana cewa a kawo taya. Aka jefo ta, ta faɗo mini a wuya, warin roba da ruwan kwata ya cika mini hanci. Wani yaro ya tafi da gudu wajen masu sayar da fetur a kwalba. A nan na cire rai. Na yi kalmar shahada, na rufe ido.

Abin da na ji bayan haka nauyin mutum ne a kaina. Mama ce. Mai walda ya gaya mini daga baya cewa ta ji ihu, ta bar kayanta, ta ratsa maza da tiren dankalinta tana maka wa duk wanda ya tare ta. Ta kwanta a kaina, zanenta ya rufe mini fuska.

"Ku ƙona mu biyu!" take ihu. "Wannan yaro na ne! Shi ba ɓarawo ba! Tun safe yana goge wannan takalmi, ido na ya gani!"

Wani ya ja ta, ta cije shi. Sanda ta same ta a goshi, jininta ya ɗigo mini a wuya, ba ta tashi ba. Ganin tsohuwa cikin jini ya sa hannuwa suka ɗan yi sanyi. Liman ya fito yana salati, yana ture mutane. Sai ga Kawu da gudu, gudumarsa a hannu, Oga na bin sa a baya yana haki.

Oga ya fizge takalmin daga ƙirjina ya ɗaga sama. "Nawa ne! Ni na ba shi! Wane ne ya ce nasa ne?"

Liman ya juya ga mai farar shadda. "Alhaji, naka wane iri ne?"

Mutumin ya duba takalmin. Sannan ya ce, can ƙasa, "Nawa ruwan ƙasa ne."

Kawu ya nufi mutumin. Ya jefar da gudumar, don ya san abin da zai yi da ita idan ta zauna a hannunsa. Ya shaƙo wuyan shaddar, ya sa masa kai a hanci, ya kayar da shi cikin kwatar da aka kayar da ni, ya hau ruwan cikinsa. Sai da maza suka taru kafin a ɓamɓare shi. Kafin a waiwaya, taron ya narke. Kowa ya koma ɗan kallo. Kwalbar fetur tana tsaye a gefen titi, ba mai ita.

A keke mai ƙafa uku Oga ya kai mu asibiti, ni da Mama. Aka ɗinke mini baya da haɓa, aka ɗinke mata goshi. Haƙorana na gaba sun tafi, kunnen hagu kuma har yau ba ya ji sosai. Ɗaya takalmin ba a sake ganinsa ba. Wani daga cikin masu dukan ɓarawo ya tafi da shi, ko ya wurga shi wani wuri. Oga ya je bikin 'yarsa da aron takalmin ƙaninsa. Da yamma ya zo mini da shinkafar biki a kula, bai san ba na iya tauna ba. Ya zauna a bakin gado ya yi kuka.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma manuniyata ta warke a sandare. Na koma rumfa na gwada, tsumma ya ƙi zama. Kawu ya ce in koyi da hagu, na ce a'a. Oga ne ya ɗauke ni shagonsa, na yi shekaru a can kafin in koma karatu.

Mai farar shadda ya zo gidanmu da dattawan unguwarsu neman gafara, hancinsa a karkace. Mahaifiyata ta ƙi fitowa. Ni na ce na yafe, don an zuba mini ido, kuma ina ganin daga baya yafewar ta zama ta gaske. Ɗan kamashon ne bai taɓa zuwa ba. Muna haɗuwa a tasha, ya ce, "Malam, ina gajiya?" in ce, "Ba gajiya."