Malam Muntaka Baduku da Alkawarin Gyara Kyauta

Kafin ƙarfe shida na safe Malam Muntaka ya riga ya sauko daga hawa na huɗu sau uku. Gidan da suke haya a Montreuil, a gefen birnin Paris, matakala ce zalla, saboda haka kowane kwali sai a kafaɗa: na jakunkuna, na takalman fata, sai teburin ninkewa da rumfar leda. Matarsa, Hajiya Ummukulthum, tana biye da shi da butar shayi da mita. Shekara talatin da ɗaya aka yi ana wannan hawa da sauka. Laraba da Asabar kasuwa a Paris, Lahadin farko ta kowane wata kuma a cika tsohuwar mota a nufi Lyon, inda masu aikin hannu ke baje kaya a bakin kogin Saône.

Ni mai sayar da turare ne, rumfata ta yi shekara goma sha biyu tana jingine da tasa. Abin da zan faɗa, wani na gani da idona, wani kuma ɗansa Salihu ne ya ba ni labari.

Baduku ne ɗan baduku daga Damagaram. Shi ke yanka fata ya ɗinka, Hajiya ke ɗinka shafin ciki da keke. Ba su taɓa yin arziki ba, ba su kuma taɓa roƙon kowa ba. Da basillarsa ta ɗinkin fata aka yi wa yara biyu karatu: Salihu na tuƙa bas a Lyon, Raliatou na aikin jinya a Paris. Babu wanda ya gaji sana'ar a cikinsu, kuma ban taɓa jin Malam ya zarge su ba.

Abin da ya ɗaure shi magana ce guda da ya yi a shekararsa ta farko. Wata Baturiya ta ɗaga jar jaka, ta shinshina, ta yatsine fuska, ta tambaye shi ko za ta yi ƙarko. Da ɗan guntun Faransancinsa ya ce mata, "Madam, in ta tsinke ki kawo mini. Muddin ina da rai, gyara kyauta ne." A kasuwar Damagaram haka kowane baduku ke cewa, kowa kuma ya san daɗin bakin ciniki ne. Malam bai san ya zo ƙasar da ake riƙe mutum da maganarsa kamar takardar kotu ba. Bayan shekara huɗu sai ga matar da jakarta, har da ƙawaye biyu da ta kawo su ga mutumin da ke gyara kyauta.

Da wani ne, da ya ce bai gane ta ba. Malam ya zauna ya gyara, kuma daga ranar duk wanda ya sayi abu sai ya maimaita masa alkawarin, don a ganinsa ba a yi wa ɗaya a hana ɗaya. Na ga wanda ya kawo takalmin da ya yi shekara tara yana takawa. Na ga wadda karenta ya tauna hannun jaka, ta zo tana ba da haƙuri, Malam ya ce ai karen ma ya san fata mai kyau. Akwai ranakun sanyi da muka tashi bai sayar da komai ba, amma ya gyara abu biyar.

Hajiya ba ta taɓa yarda da wannan tsari ba, kuma ba ta ɓoyewa. "Malam, kai ka yi alkawarinka, ba da ni ba," haka take cewa tana zuba masa shayi. "Mutane na zuwa kasuwa neman na cefane, kai ka zo buɗe garejin jakunkuna." Shi kuwa sai ya ce, "To Hajiya, bakin nan ya riga ya faɗa." Shekara talatin suna wannan musu, har mun haddace shi.

Kai ne, Malam, wanda aka ba shawara ka sayo jakunkunan kamfani ka jera cikin naka, ka ce ba za ka iya yin alkawari a kan ɗinkin da ba ka san hannun da ya yi shi ba. Kai ne mai tsayuwar awa bakwai a kan kwalta mai sanyi, ƙafa ta kumbura, kana yi wa mai taya kaya rabin kuɗi murmushi. Na Damagaram, mai basilla ɗaya magana ɗaya. Mun ga gajiyarka ko da ba ka faɗa ba.

Bara sanyin ƙashi ya kama yatsunsa. Da safe sai ya jiƙa hannu a ruwan ɗumi kafin ya iya riƙe kofi. Likita ya ce ya ajiye aiki, yara suka ce ya ajiye, Hajiya kuwa ta ce ita ta faɗa tun kafin a haifi likitan. Ya yarda ya bar sayarwa, amma dalilinsa daban ne. Ya ce mini, "Kowace jaka na sayar, sabon alkawari na ɗauka. Waɗanda ke wuyana ma sun ishe ni." Ya mayar wa hukumar kasuwa wurinsa, ya sayar da motar. Abin da ya hana shi sakewa shi ne mutanen da za su zo neman rumfar su tarar da mai sayar da kyandir, su juya suna cewa baƙin mutumin nan ya gudu da maganarsa.

Saboda haka a Paris yakan zo ya zauna a gefen rumfata ranar Asabar. Lahadin farkon wata kuma ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon da ƴar jakar kayan aiki, ya zauna a wani benci kusa da tsohon wurinsa. Hajiya na bin sa, wai don kada ya manta maganinsa.

A watan Nuwamba da ya wuce, ana yayyafi, wani tsohon Bature ya zo bencin da jar jaka a cikin leda. Salihu na wurin, shi ya gaya mini. Tsohon ya ce ta matarsa ce, ta rasu da bazara, kuma jikarsu na son ta riƙa ratayawa, ga shi igiyar ta rabu da jikin jakar. Ya ce ya zo watan jiya bai ga rumfa ba, ya koma gida da baƙin ciki.

Malam ya juya jakar, ya gane ɗinkinsa na shekara ashirin da suka wuce. Ya goga wa zare kaki, ya ɗauki basilla, ya danna. Ta zame. Ya sake, ta zame. A na uku ta faɗi ƙasa, yatsun suka ƙi rufuwa. Salihu ya ce bai taɓa ganin kunya a fuskar babansa irin ta wannan rana ba. Baturen ya fara cewa ba komai, a bar shi.

Hajiya ce ta sunkuya ta ɗauki basillar. "Matsa, Malam. Riƙe mini fatar."

"Hajiya, ba ki taɓa huda fata ba."

"Shekara talatin ina kallo, makauniya ce ni? Wallahi ba za a ce mijina maƙaryaci ne a garin mutane ba. Nuna mini inda zan soka."

Ya riƙe da tafin hannu, yana nuna mata da haɓa, tana hudawa tana tsaki. Aikin minti goma ya ci musu awa guda. Ɗinkin ya fito a ɗan karkace, amma ya kama. Baturen ya rungume jakar a ƙirji. Malam ya dubi ɗinkin ya dubi mutumin, sannan ya ce, "Monsieur, wannan hannun sabo ne. In ya tsinke, ka kawo mana."

Hajiya ta harare shi har Salihu ya kau da kai. Amma basillar ba ta koma jakarsa ba, a tata jakar ta saka ta.

Malam Muntaka, mun gode. Hajiya, ke da kika yi shekara talatin kina cewa ba da ke ba, mun gode sau biyu. Allah ya sassauta ciwon hannu, ya ba ku hutun da kuka ƙi ɗauka. Mu kuma masu rumfuna da ke rantsuwa a kan kaya tun safe har yamma, mu rage abin da bakinmu ke faɗa, ko mu tsaya a kansa. Wanda kuma ke da jar jaka mai tsinkakkiyar igiya a gida, Lahadin farkon wata ya je bakin kogi. Zai ga tsofaffi biyu a kan benci suna musu, gajiya ta bayyana a jikinsu, amma suna nan.