Ranar da Mai Aski Ya Hau Kujerarsa

A layin da shagonsa yake, Kar-ka-motsa ake ce masa, don da wannan maganar yake fara aiki tun yana saurayi. Shagon ɗaki ɗaya ne: kujera mai juyawa da fatarta ta tsage aka ɗinke, madubi mai tabo a kusurwa, sai butar lantarki ta dafa ruwan tawul. Idan ya gama gyaran fuska sai ya tsoma tawul a ruwan zafi, ya matse, ya lulluɓe fuskar mutum, ya bar masa hanci kawai. Daga nan sai hira, ta ƙwallo, ta tsadar mai, ta maƙwabcin da ya sayi firij ba shi da wuta. Shi kuwa bai taɓa yarda wani ya taɓa masa fuska ba. A tsaye yake gyara kansa gaban madubi.

Wani gyambo ne ya fito masa a gefen harshe ya ƙi warkewa, aka duba aka ce ciwon daji ne. Aka yi masa aiki, aka yanke ɓangaren harshen, aka bar masa ɗinki daga bayan kunne zuwa wuya. Magana ta yi masa nauyi, ya koma tsintar kalmomi ɗaya-ɗaya. Likita ya ce saura gashi da hasken na'ura don a ƙone abin da wuƙa ba ta gani ba, kuma ba a so a ja lokaci bayan aiki.

Aka cire masa haƙoran da suka lalace, ya jure. Aka ce ya sauke gemu, ya sauke da injinsa. Saura abu ɗaya: wata ragar roba da ake jiƙawa a ruwan ɗumi, a shimfiɗa a fuska har kafaɗa, a maƙala ta a jikin gado, ta bushe da siffar mutum. Ita za ta riƙe kansa wuri guda kullum, don hasken ya sauka inda aka auna.

Ranar yin ragar a asibiti, ma'aikaciyar ɗakin ta kwantar da shi, ta ce, "Baba, kar ka motsa."

Ragar na sauka a fuskarsa ya ji kamar an rufe shi a akwati. Ɗakin tsit, ba ya jin komai sai bugun zuciyarsa. Ya fizge ta ya tashi zaune, robar ta lanƙwashe ta lalace.

"Ba komai, ba kai ne farau ba," in ji ta. "Ku dawo Litinin. Amma in ba a yi ragar nan ba, ba za a fara gashin ba."

A gida ya ce shi fa ya haƙura, aikin da aka yi ya isa. Matarsa ba ta yi masa musu ba. Ta san halin kayanta. Ta dai aika wa Direba, tsohon abokinsa da ya fi kowa daɗewa a kujerar nan.

Da hantsi Direba ya zo ya ce a buɗe masa shago. Suna shiga ya jona buta, ya nuna kujera.

"Hau, maigida."

"Kai za ka... yi mini aski?"

"Allah ya kiyaye. Da wane gemun? Ka koma kamar ɗan firamare. Hau dai."

Ya hau. Kujerar ta fi yadda yake zato tauri, kuma daga nan rufin kawai ake gani, da wata tsaga da bai san da ita ba. Direba ya matse tawul ya ɗora masa. Nan take mai aski ya cire ya yar.

Direba ya yi dariya har da riƙe ciki. "To ka ji abin da ka daɗe kana yi mana. Kana tsammani daɗinsa muke ji? Ni duk ranar da ka rufe ni ji nake kamar zan shiɗe."

"Amma... ba ka taɓa motsi ba."

"Ina zan motsa, ban ji yadda aka ƙare da mai firij ba? Surutunka ne ke riƙe mu, ba hannunka ba."

Ya sake jiƙa tawul ya ɗora, ya kama labarin wani fasinja da ya yi barci ya wuce garinsu, ya farka yana neman a mayar da shi kyauta. Labarin ba shi da kai ba shi da gindi, amma har tawul ya huce mai aski yana kwance. Haka suka yi ta yi har ranar ta zagayo.

Ran Litinin, kafin ya kwanta, ya dubi ma'aikaciyar.

"'Yata, ki yi mini... hira. Kar ki yi shiru."

"Hirar me, Baba?"

"Ko ta me. Wadda ba ta... ƙarewa da wuri."

Ta yi murmushi, ta ɗauko ragar daga ruwa. Tana danna ta a goshinsa da gefen hancinsa, tana ba shi labarin surukarta da ta zo kwana biyu ta canza wa kowace tukunya mazauni. Robar ta fara sanyi tana kama shi. Zuciyarsa ta yunƙura, ya lallashe ta, ya bi labarin surukar har zuwa ɗakin ajiya.

Da aka ɗaga ragar, ga fuskarsa nan a jikinta, har da ramin haɓa. Ya shafa ta a hankali kamar yadda yake duba aski idan ya gama.

"Ta tafi... surukar?"

"Ina fa. Ranar gashi ba kowa a ɗakin sai kai, amma akwai lasifika. Ta nan zan ƙarasa maka."

Ya gyaɗa kai, ya nemi hularsa. Matarsa na bakin ƙofa riƙe da ita.