Kwalbar Ranar Juma'a

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sa'idu, amma har yau in na ji warin ƙonanniyar taya sai in tuna da shi.

Aikinsa gwajin ruwa ne. Akwai wata masana'anta a gefen Jimeta mai haɗa sinadaran sarrafa roba, bututunta yana zuba a Binuwai. Duk Litinin Hamma zai ɗebo ruwan a kwalba ya kai ofis, kullum sakamako ya fito tas. Shi kuwa hankalinsa bai kwanta ba. Lokacin 'yan gudun hijira sun cika bakin kogin, nan suke wanki, nan suke sha, kuma ya ga yadda fatar hannun matansu ke saɓulewa.

Wata tsohuwa a cikinsu ce ta ce masa, "Ɗana, kai kana zuwa ranar da ruwa yana lafiya. Zo Juma'a, lokacin da liman yana huɗuba."

Ashe sai maza sun tafi masallaci ake buɗe bututun. Hamma ba mai barin sallar Juma'a ba ne, don haka ya roƙi abokiyar aikinsa, Madam Rifkatu. Ta ce, "Malam, je ka yi sallarka, ni tawa Lahadi ne." Kwalbar da ta dawo da ita baƙa ce wuluk, tana kumfa, tana warin ƙonanniyar taya. Da ita aka tilasta wa masu masana'antar haƙa ramuka, ruwan ya kwanta, ya ratsa yashi da gawayi kafin ya shiga kogi.

Bai daɗe da ganin wannan ba bam ya tashi a kasuwa, ya rutsa da shi.

Da yana raye, me zai ce yau? Madam ta yi ritaya. Ramukan sun cika da ciyawa, awaki ke kiwo a ciki. Na tambayi wanda ya gaji kujerar Hamma ranar da yake ɗiban ruwa, ya ce mini Litinin, har da murmushi.

Juma'ar makon jiya, ina dawowa daga masallaci, warin nan ya tare ni daga wajen kogi. Ƙasa da bututun mata na wanke alayyahon da za a kai kasuwa.

Hamma bai bar gida ko mota ba. Abin da ya bari shi ne sanin ranar da ake zuwa, da kwalabe a kwali ƙarƙashin gadona. Ni ma ba na barin salla, kuma ban san wa zan roƙa ba. Jibi Juma'a ce.