Tukunyar da na so in ajiye gefen janareto

Jiya bayan azahar ina kan keken ɗinki, sai maƙwabcina Malam Umaru mai shayi ya ƙwala mini kira: "Tela, fito, injinka ya kama wuta."

Na tarar da janareto yana ci a bayan shagona nan Boɗinga, taku biyu daga tagar da yadukan mutane suke jibge. Na koma bakin ƙofa da gudu, na ciro jar tukunyar kashe gobara, na zare fil ɗinta, na fesa. Kafin jama'a su taru, wutar ta mutu.

Watan jiya, da mai saka tukunyar ya zo daga Shagari, sai da muka yi musu. Shi bakin ƙofa yake son rataye ta, ni kuma na ce ya ajiye ta gefen janareto, tunda can wuta za ta tashi. Gaskiyata kuwa, bakin ƙofa nake ƙyashi, don nan nake rataye ɗinkin da na gama.

Ya dube ni ya ce, "Alhaji, in ta tashi can, hannun wa za ka tura cikin wuta shi ɗauko ta?"

Ranar haushinsa na ji. Yau ko ƙyalle ɗaya na mutane bai ƙone ba, alhamdu lillahi.

Ku masu shago, taku a ina take rataye?